Famasis a gida, ɗan koyo a ƙasar waje: jarrabawar ce matsala ko jiran?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina so mu zauna a kan maganar da kullum ake taɓa ta sama-sama a wuce. Mutum ya yi digirin harhaɗa magunguna, ya yi rajista a ƙasarsa, ya shekara goma yana aiki, amma ranar da ya sauka wata ƙasa sai a ɗauke shi kamar bai taɓa riƙe takardar likita ba. Wannan kare marar lafiya ne, ko tare ƙofa?

Bari in faɗi yadda abin yake a Birtaniya tunda nan nake. Hukumar GPhC ce ke riƙe da rajistar famasis a Ingila da Sikotilan da Wales. Wanda ya yi karatu a wajen Turai zai fara kawo shaidar Turanci, IELTS maki 7 a kowane ɗaya daga ɓangarori huɗu kuma a zama ɗaya, ko OET, jarrabawar Turancin ma'aikatan lafiya, da darajar B. Hukuma ta duba takardunsa ta ce ya cancanta. Sai ya nemi gurbi a OSPAP, karatun shekara ɗaya da jami'o'i ƙalilan ke bayarwa, irin su Aston da Brighton da Hertfordshire da Sunderland, kuɗin makaranta kaɗai ya haura fam 10,000. Ya gama, sai makonni 52 na horon aiki a ƙarƙashin wani famasis. Sannan jarrabawar rajista, tambayoyin lissafi 40 da wasu tambayoyi 120, kuma sau uku kawai aka yarda ka zauna. Daga ranar da ka fara OSPAP shekara huɗu gare ka ka gama komai.

A takarda shekara biyu ke nan. A zahiri masu neman gurbin sun fi guraben yawa nesa ba kusa ba, mutum na jira takardar Turancinsa ta tsufa, ya sake biya ya sake zaunawa. Ni fa ba na ƙin a gwada ni. A gwada ni gobe ma. Abin da ke ci mini rai shi ne a hana ni zuwa wurin gwajin.

Baba Ontariyo:
Wa alaikumus salam Hajiya. Na ji zafin maganarki, kuma na bi ta irin wannan hanya kafin yawancinku ku gama sakandare. Amma zan tsaya wa hukumomin nan a wuri ɗaya, ku yi haƙuri da ni.

A Kanada hukumar PEBC, wadda aka kafa tun 1963, ita ke jarraba mu. Ana tantance takardu, a yi jarrabawar auna digiri, sannan babbar jarrabawa mai kashi biyu. Kashi na biyu shi ne OSCE, inda za ka riƙa shiga ɗaki-ɗaki kana tarar da wanda aka horar ya yi kamar marar lafiya, ko likita a waya, mintuna kaɗan gare ka. Bayan wannan kowane lardi da nasa: jarrabawar dokokin aiki, da gwajin aiki a kantin magani. Kwibek ma tafiyarta daban, da Faransanci.

Shekaru ina horar da sababbin zuwa, kuma wallahi ilimi ba shi ne ke kayar da su ba. Da yawansu sun fi yaran nan sanin sinadaran magani. Abin da ke kayar da su shi ne aikin kansa ba iri ɗaya ba ne. Wanda ya saba da paracetamol da salbutamol zai tarar da acetaminophen a Kanada, a Amurka kuma har da albuterol. Sukarin jini a Kanada da Birtaniya da mmol/L ake auna shi, a Amurka da mg/dL, tsakaninsu ninki 18 ne. Ko sunan kamfani ba abin dogaro ba ne. A 2006 hukumar FDA ta Amurka ta yi gargaɗi a kan haka: Dilacor a Amurka diltiazem ne, a Sabiya digoxin ne, magungunan zuciya biyu masu aiki daban. Flomax a Amurka maganin wahalar fitsari ne ga maza masu matsalar prostate, a Italiya maganin kumburi. Norpramin a Amurka maganin ciwon damuwa ne, a Sifaniya maganin gyambon ciki. Idan ka miƙa wa mai ciwon zuciya digoxin a maimakon diltiazem, shekara goman da ka yi a gida ba za ta tashe shi ba.

Sannan akwai abin da ba a rubuta a littafi ba. A ƙasashe da yawa an raine mu a kan cewa abin da likita ya rubuta ba a ja da shi. A nan idan likita ya rubuta methotrexate kullum a maimakon sau ɗaya a mako, ka bayar, kai ma za a tuhuma. Dole ka iya ɗaga waya ka ce masa a'a. Wannan koya ake yi.

Abu Hanif:
Ranka ya daɗe Baba, misalinka na Norpramin ni ya taimaka. Famasis ɗin Sifaniya da ya san Norpramin a matsayin maganin gyambon ciki, idan ya tafi Jamus ko Ayalan ba wanda zai mayar da shi aji. Dokar Tarayyar Turai ta 2005 ta ce a karɓi digirinsa kai tsaye, tare da na likita da nas da ungozoma da likitan haƙori da na dabbobi da mai zanen gini. Harshe kawai za a tambaye shi. Shi ma bai san dokokin kantin maganin Jamus ba, bai san tsarin inshorarsu ba. To me ya sa nasa rashin sanin ake bari ya cike shi a bakin aiki, na ɗan Masar ko Indiya ko Najeriya ko Pakistan sai ya shekara uku yana biyan kuɗi?

Baba Ontariyo:
Saboda sun zauna sun daidaita karatunsu tun kafin su yarda da juna, ɗana. Dokar da ka ambata ta ce aƙalla shekara biyar, huɗu a jami'a da wata shida a kantin magani ko asibiti, da jerin darussan da dole a koyar. Kowace ƙasa ta san abin da ke bayan takardar maƙwabciyarta. Faransa da Kwibek ma sun yi irin wannan yarjejeniya a 2008. Amana ce tsakanin hukuma da hukuma. Mu ƙasashenmu wace yarjejeniya suka ƙulla mana?

Abu Hanif:
Na yarda da wannan a matsayin dalilin da ya sa su ba a jarraba su. Bai zama dalilin da ya sa mu ba a sauraron shekarun aikinmu ba. Wanda ya gama jiya da wanda ya shugabanci sashen magunguna na babban asibiti layi ɗaya ake sa su, kwas ɗaya, makonni 52 ɗaya.

Ummu Khairat:
Ku bari in kawo muku na Amurka, don a nan ne za ku ga inda doka ke daina kallon mutum gaba ɗaya.

Hukumar NABP ke ba masu digirin waje takardar shaida mai suna FPGEC, ba ta ba ka lasisi, tana buɗe maka ƙofa ce kawai. Sharaɗin farko: idan ka samu digirinka daga 1 ga Janairun 2003 zuwa yau, dole manhajar ta kasance ta shekara biyar. Kafin wannan ranar huɗu ta isa. Wato mutum biyu daga aji ɗaya na jami'a ɗaya, darussa ɗaya, ɗaya ya gama a Disambar 2002 ɗaya ya makara zuwa 2003, na farko ya cancanta na biyu bai cancanta ba. Kuma ba a ce ga ƙarin jarrabawa ka cike giɓin ba. Ɗimbin 'yan Indiya da Filifins masu digirin shekara huɗu a nan suka tsaya. Wanda ya dage sai ya koma ya yi PharmD, digirin famasis na nan, a jami'ar Amurka, da kuɗin da duk kun san yadda yake.

Wanda ya tsallake wannan, ga TOEFL, jarrabawar Turanci. Shekaru da yawa an riƙa neman maki 26 cikin 30 a ɓangaren magana, kuma na san mutanen da da Turanci suka yi karatu tun firamare, suna aiki da shi kullum, wannan makin ya riƙe su shekaru. Magana kake yi da kwamfuta, daƙiƙoƙi ake ƙirga maka. Sai FPGEE, jarrabawar auna digirin waje, tambaya 200, sau ɗaya a shekara. Ka faɗi, sai baɗi. Ka ci, sai awannin horo da jiha ta yanka, jihohi da yawa 1,500. Sannan NAPLEX, jarrabawar lasisin famasis, da jarrabawar doka, waɗanda 'yan ƙasa ma suke yi.

Baba, NAPLEX ban da ja da ita ko kaɗan, ma'auni ɗaya ne ga kowa. Amma dokar shekara biyar ɗin nan wane marar lafiya ta kare?

Baba Ontariyo:
Wannan kam ba zan kare ta ba, 'yata. Sun ɗaga nasu karatun zuwa PharmD ne suka ɗaga na baƙi, amma da sun bar wa masu shekara huɗu wata hanya ta cikewa.

Ɗan Bavariya:
Ni ina ganin Jamus ta fi kusa da abin da Hajiya Maman Ilham ke nema, duk da ba aljanna ba ce.

Tun Afrilun 2012 doka ta ba kowa haƙƙin a duba takardunsa, ko ɗan wace ƙasa ne. Lasisin dindindin sunansa Approbation. Kana buƙatar Jamusanci matakin B2, sannan jarrabawar harshen aiki matakin C1 a gaban ƙungiyar famasis ta jiha: ka yi wa marar lafiya bayani, ka rubuta, ka yi magana da abokin aiki. Hukuma ta kwatanta darussanka da nasu. Idan ta ga babban bambanci, za ta duba ko shekarun aikinka sun cike shi. Ku lura da wannan, doka ce ta ce a duba. Idan bai cike ba sai jarrabawar ilimi, ta baka ce, a kan aikin kantin magani da dokoki da fannin da aka ga giɓi.

Babban abin shi ne lasisin wucin gadi. Har zuwa shekara biyu za ka iya aiki a kantin magani a ƙarƙashin kulawar mai lasisi, ana biyanka, kana shirin jarrabawa. Hannunka bai bar aiki ba, harshenka na gogewa a kan kanta, iyalinka na cin abinci. Da a ce kowace ƙasa za ta ɗauki wannan kaɗai, da rabin kukan zauren nan ya ƙare.

Inda ake shan wuya: jihohi 16 ne, kowace da ofishinta da saurinta. Kowace takarda sai mai fassara da aka rantsar ya fassara ta, har jadawalin darussa da adadin awannin kowane darasi. Kuma Jamusanci daga farko zuwa C1 ba aikin wata shida ba ne, duk wanda ya ce muku haka kwas yake son sayar muku. Su ma fa suna bukatarmu. Kantunan maganinsu sun sauko ƙasa da 18,000 tun 2023, suna ta rufewa, musamman a ƙauyuka inda mai kanti ke tsufa babu magaji.

Mai Faɗa A Ji:
Ni tambayata ɗaya ce kuma na san ba za ta yi daɗi ba. Ƙasashen da suka kashe kuɗi suka horar da ku fa? Hukumar Lafiya ta Duniya a 2023 ta lissafa ƙasashe 55 da ke cikin matsanancin ƙarancin ma'aikatan lafiya, yawancinsu a Afirka, ta ce kada a je ana kwasar ma'aikatansu. Kuna neman a sauƙaƙa ƙofa, idan aka sauƙaƙa wa zai rage?

Maman Ilham:
Tambayarka tana da nauyi ɗan'uwa, ba zan raina ta ba. Amma duba abin da jerin nan ya ce. Ya nemi gwamnatoci da kamfanonin ɗaukar aiki su daina zuwa farautar ma'aikata ne, bai hana mutum neman aiki da kansa ba. Kuma mutanen da nake magana a kansu sun riga sun taho. Wata aure ya kawo ta, wani karatu, wani yaƙi. Idan famasis yana jera kaya a babban kanti a Birmingham, ƙasar da ta horar da shi ba ta ci riba ba, wadda yake ciki ma ba ta ci ba, an yi biyu babu. Tsaurin ƙofa ba ya mayar da kowa gida. Yana dai mayar da famasis direban tasi.

Mai Faɗa A Ji:
Yana hana na baya tasowa dai. Wanda ya ji labarin wahalar zai yi tunani sau biyu.

Abu Hanif:
Idan hanyar riƙe ma'aikaci a gida ita ce a wulaƙanta wanda ya fita, to ba a riƙe shi ba, an tsare shi ne. Albashi da kayan aiki ke riƙe mutum.

Mai kula da zaure:
Jama'a a yi a hankali, maganar tafiya ko zama mu ba ta nata zaren. A nan mu tsaya kan takardu da lasisi.

Malam na Jidda:
To bari in dawo da mu. A ƙasashen Larabawa na yankin Gulf ba a mayar da kai aji. A Saudiyya hukumar SCFHS ce, a Dubai DHA, a Abu Dhabi DOH. Ka kawo shekarun aiki, ka ci jarrabawar kwamfuta, kamfanin DataFlow ya tuntuɓi jami'arka da hukumar da ta yi maka rajista da wuraren da ka yi aiki ya tabbatar takardunka na gaske ne. In komai ya tafi daidai, watanni ne.

Sauƙin yana da farashinsa. Lasisinka da zamanka a ɗaure suke da mai ɗaukarka aiki, kuma tun 2020 Saudiyya ta fara ware wa 'yan ƙasa kaso a aikin famasis, aka fara da kashi 20 cikin 100, aka ƙara zuwa 30, ana kuma ci gaba. An yarda da takardarka, amma ba a yi maka alƙawarin gobe ba.

Abin da nake so in ƙara a kan maganar amana da Baba ya yi: tantancewar nan ba don ƙeta aka ƙirƙiro ta ba, an kama masu takardun bogi ne, laifin mutum kaɗan ya shafi kowa. Kuma kaso mai yawa na jinkirin daga gida yake zuwa. Ni jami'ar da na yi karatu ce ta riƙe ni, an aika musu wasiƙar tabbatarwa ba wanda ya buɗe, sai da na nemi wanda zai riƙa zuwa ofis da ƙafarsa. Muna zagin hukumomin waje, amma takardar shaidar kyakkyawan aiki da cikakken sakamakon darussa ba su ke riƙe da su ba.

Ummu Khairat:
Wannan gaskiya ce Malam. Kuma yawancin hukumomin ba sa karɓa daga hannunka, sai jami'a ta aiko kai tsaye a rufe. Shi ya sa nake gaya wa duk mai niyya: kafin ka tashi, ka je da kanka ka san ofishin da ke aikawa, ka karɓi jadawalin darussa na shekarun da ka yi karatu, ba na yanzu ba. Kada ka bar rajistarka ta gida ta mutu, ka ci gaba da sabunta ta, don za a nemi shaidar tana da rai. Sunanka ya zama iri ɗaya a fasfo da digiri da lasisi, harafi ɗaya na iya cin wata uku. Jarrabawar harshe kuma shekara biyu take yi ta tsufa, ka lissafa lokacin yin ta da kyau, kada ka yi ta da wuri ta mutu a hannunka kana jiran gurbi.

Ƙanwarku:
Yayyena ina karantawa tun ɗazu. Ni matsalata ta wuce jinkiri. A Sudan na yi karatu, yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya tarwatsa komai. Digirina na hannuna, amma wanda zai amsa wasiƙar tabbatarwa fa? Akwai wata hanya ga irinmu?

Ɗan Bavariya:
Allah ya kawo sauƙi ƙanwata. Akwai, amma ki san iyakarta. Yarjejeniyar Lisbon ta 1997, sashe na 7, ta wajabta wa ƙasashen da suka sa hannu su samar da hanyar tantance karatun 'yan gudun hijira da masu irin halinsu ko da takardu ba su cika ba. Majalisar Turai (Council of Europe) ta fito da fasfon shaidar karatu na 'yan gudun hijira a 2017, ana yi wa mutum tambayoyi a rubuta abin da aka gamsu ya karanta. Yarjejeniyar UNESCO ta duniya ta 2019, wadda ta fara aiki a 2023, ita ma ta ɗauki wannan. Sai dai duk waɗannan sun fi amfani wajen shiga jami'a ko neman aikin da ba ya bukatar lasisi. Hukumar famasis ba dole ta ba ki lasisi da su ba.

A Jamus dokar ta yi tanadi: idan ba za a iya kawo takardun kwatanta darussa ba saboda dalilin da ba laifin mutum ba, ana iya tura shi jarrabawar ilimi kai tsaye. Ki tara duk abin da ke hannunki, katin ɗalibi, sakamakon zango, rasiɗin kuɗin makaranta, lambar rajista. Ki kuma bincika ko jami'arki ta buɗe ofis a wani gari ko wata ƙasa, da dama sun yi haka. Wace ƙasa kike yanzu?

Ƙanwarku:
Birtaniya nake Yaya. Kafin komai ya daidaita, zan iya aiki a kantin magani ko da ba a matsayin famasis ba? Kuma za a lissafa mini shi a cikin horo?

Maman Ilham:
Za ki iya ƙanwata, idan bizarki ta ba ki damar aiki. Ki nemi aikin mai taimakawa a kanta ko mai haɗa magani a bayan kanta, su za su sa ki a gajeren kwas da ake bukata. Amma ki kiyaye abu biyu. Kada ki kira kanki famasis a wurin aiki ko a takardar neman aiki ta hanyar da za a ɗauka kina da rajistar nan, laifi ne a doka. Haka ma matsayin teknishan, tun 2011 shi ma sai da rajista, digirinki na waje ba ya ba ki shi kai tsaye. Na biyu, ba za a cire miki ko mako ɗaya daga makonni 52 ɗin ba, wannan sai bayan OSPAP yake farawa. Amfaninsa shi ne ki saba da BNF, littafin magunguna na Birtaniya, da takardun NHS, hukumar lafiya ta ƙasa, da yadda ake rubuta rajistar magungunan da ake tsarewa, da karin harshen tsofaffin unguwa, wanda babu IELTS ɗin da zai koya miki.

Ki rubuta wa hukumar tun yanzu ki bayyana halin jami'arki, ki nemi su faɗa miki a rubuce abin da za su karɓa a madadin, kafin ki biya kuɗin jarrabawar Turanci.

Baba Ontariyo:
Ki kuma ware awa ɗaya kullum ga lissafin magani, ko da gurbin bai fito ba. Shi ne farkon abin da ke gudu daga hannun wanda ya bar aiki. Ina da tsofaffin tambayoyin gwaji da nake ba waɗanda nake horarwa, na saurin ƙarin ruwa da awon maganin yara bisa nauyi da aikin ƙoda. Mai kula da zaure, idan ka yarda in sa su a ma'ajiyar zaure ranar Asabar, duk mai so ya ɗauka, mu riƙa warware biyar-biyar tare.

Mai kula da zaure:
An yarda Baba, Allah ya saka da alheri. A sa amsoshin a fayil daban don kada ido ya riga hannu.